Bangon da Aka Ce Ba Kowa a Bayansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da iyalan gidansa, da sahabbansa baki ɗaya.

Shugaban wannan taro, Alhaji Maccido, wanda ya ba da filin da wannan gini yake tsaye a kai, Allah ya saka da alheri. Iyayenmu masu unguwanni da dattawan Wurno, Allah ya ƙara girma. Malamanmu na zaure da malamanmu na aji. Baƙinmu da suka taso tun daga Rabah da Goronyo. Matasanmu na cikin gari da na Kwargaba da na Magarya, waɗanda kafaɗunsu suka san nauyin kowane tubali na wannan ɗaki. 'Yan'uwana mata da aka zaunar can ƙarshen rumfa, inda lasifika ke isa a gajiye, ku yi haƙuri, zan ɗaga murya saboda ku. Jama'a manya da yara, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Mahbuba, adabi nake koyarwa a sakandare a nan garin.

Godiyata ta farko ga Allah take, ta biyu ga waɗannan yara. Na gan su da idona suna kwaɓa ƙasa da rana tsaka, na gan su suna miƙa tubali daga hannu zuwa hannu har ya kai saman bango. Wasu sun baro ban-ruwan albasarsu, wasu sun ajiye babur ɗin haya, kuma babu wanda ya tilasta su. Garin da ya daɗe yana alfahari da malamai, yau ya samu ɗakin karatu na kowa da kowa, kuma ba wani babba ne ya aiko da shi daga Sakkwato ba, gayya ce ta gina shi. Wannan godiya ta gaskiya ce. Ku riƙe ta da kyau, domin abin da zai biyo bayanta bai kai ta daɗi ba.

An ce in yi magana a kan amfanin karatu. Amfanin karatu yana nan, ba zai gudu ba, wata rana ma yi. Yau akwai abin da ya fi shi gaggawa. Kun san yadda muke yi a nan: waɗanda suka yi gayya ba a sallamarsu da fura kawai, ana tambayarsu ko suna da wata buƙata a kan abin da suka gina. An tambayi matasa, suka ce buƙatarsu ɗaya ce, a zana musu jarumin wani littafi a jikin bango. Littafin na ƙasar Japan ne, irin wanda ake ba da labari da hotuna, su suna ce wa irinsa manga, shi wannan kuma sun raɗa masa suna Girbin Toka. Dattawa suka kalli hoton suka ce a'a, ba a bangon gaba ba, hanyar masallaci ce. Aka zauna, aka tashi, aka sake zama, daga ƙarshe aka samu mafitar da kowa ya yaba da hikimarta: a zana shi a bangon baya, tunda can ba kowa. Da an gama jawabai za a ɗaga hannu a tabbatar. Ga Sa'adu mai fenti can zaune a kan gwangwanayensa, yana jira.

To, jama'a, a bayan bangon nan akwai lungu. A cikin lungun akwai ƙofa tana kallon bangon, tsakaninsu bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A bayan ƙofar akwai wata mata, sunanta Habi, mutuniyar Shinaka, wadda ta baro garinsu bayan 'yan bindiga sun shiga. A inuwar bangon nan take zama da la'asar. Abin da za ku ɗaga wa hannu yau shi ne ko Habi za ta ci gaba da zama a waje, ko za ta koma cikin ɗaki. Amma don kada a ce Malama ta zagi abin da ba ta sani ba, bari in fara da littafin, domin na karanta shi tun daga farko har inda mai shi ya tsaya.

Lukman, shugaban matasa, ɗan ƙanwata ne, ga shi can yana sunkuyar da kai. Shi ya ba ni a waya. Da zai ba ni ya ce, "Inna, wanga ba irin naku ba ne, daga dama ake fara shi." Na ce, "Kai ɗan nan, uwarka na goye nike karatun allo daga dama. Kawo."

Ga labarin, saboda dattawan da ba su samu damar karantawa ba, duk da sun riga sun yanke hukunci a kansa. Wani yaro ne, ɗan manoman shinkafa, sunansa Torazen. Wasu dodanni da ake kira Masu Fuskar Toka suka afka wa ƙauyensu suka ƙone shi. Yaro ya tsira, ya ɗauki laujen ubansa, sai wani aljani da ke cikin laujen ya yi masa tayi: zan ba ka ƙarfin kashe su, amma duk ɗayan da ka kashe, za ka manta da mutum ɗaya daga cikin waɗanda ka taɓa ƙauna. Yaro ya yarda.

Abu na farko, labarin. Wallahi da na kai nan na gyara zama, na ce yau na haɗu da marubuci. Mutum yana ramuwa saboda mutanensa, kuma ramuwar ce ke goge masa mutanen nasa ɗaya bayan ɗaya, har ranar da zai tsaya da lauje a hannu bai san don wa yake yanka ba. Wannan iri ne mai kyau. Abin takaici, mai irin ya shuka shi ya tafi yawo.

Ku yi tunani. Yaro ɗan ƙauye, mutum nawa ya taɓa ƙauna? Uwa, uba, ƙanwa, abokan wasa, a ƙara da kaka. Amma dodannin da ya kashe sun fi mutanen Goronyo ranar kasuwa. Tun a littafi na uku ya kamata a ce rumbun ya ƙare. Mi marubucin ya yi? Duk lokacin da ya ga rumbu ya yi ƙasa, sai ya ƙirƙiro dangi. Sai kawai a buɗe shafi, ga wani kawu da ba mu taɓa jin labarinsa ba, yana miƙa wa yaro gasasshen kifi yana murmushi. A shafi na gaba an sare dodo, an manta da kawu. Ana so mu yi kuka. A kan wa? Ni ma da nake karatun na manta da shi, kuma babu aljanin da ya yi mini tayi.

Sannan duk dodon da aka kashe yana da yaya. A kashe shi, a ce ai wannan ƙaramin ne, babban yana kan dutse. A hau dutse a kashe babban, a ce ai wannan ɗan aike ne, maigidan yana ƙarƙashin teku. Ban taɓa ganin zuri'a mai albarka irin ta dodannin nan ba. Ga kuma surutu a tsakiyar faɗa. An raba mutum gida biyu da lauje, rabinsa na sama yana kwance a ƙasa, sai ya gyara murya ya ba mu tarihin yarintarsa, yadda ubansa bai yaba masa ba, yadda aka hana shi abin wasa, babi guda cur, jarumi kuma yana tsaye yana saurare cikin ladabi. Mu nan ƙaya ta soki mutum a gona ba ya iya ƙarasa sallama. Kuma in mai faɗa a ji ne a cikin dodannin, mutuwarsa ba ta zama, da an ɗan jima sai ya dawo da sabon ƙaho. Talakan ƙauye ne kaɗai ke mutuwa sau ɗaya ya haƙura.

Abu na biyu, zanen. Zan faɗi gaskiya ko da za ta rage mini zafi: mai zanen nan gwani ne. Akwai wani shafi can farko, kafin wuta. Ruwan sama na zuba a fadamar shinkafa, zalɓe na tsaye da ƙafa ɗaya, wata mata ta duƙa tana dashe, ba a ga fuskarta ba amma ana ganin gajiyar bayanta. Na daɗe a kan shafin nan. Na ce wannan ai ƙasan dam ɗin Goronyo ne da damina. Mutumin da ya iya zana wannan ba shi da uzuri, shi ya sa fushina da shi ya fi yawa. Da bai iya ba, da na yi masa addu'a na wuce.

Daga wannan shafi sai tawada. Jini baƙi, hayaƙi baƙi, sama baƙa, kamar yaro ya yi tuntuɓe da tawadar malam a kan takarda. In faɗa ya kaure sai ka juya waya sama, ka juya ta ƙasa, kana neman sanin ƙafar nan ta wane ce, kuma tana haɗe da mai ita ko sun rabu. Laujen da aka fara da shi irin namu ne, na yankan shinkafa. Ban san mi yake ci ba, amma kowane littafi sai ya ƙara tsawo, har ya wuce gorar masunta. Ban ga inda aka nuna yadda yake shiga ɗaki da shi ba. Alkyabbar jarumin kuwa kullum tana kaɗawa. A fili tana kaɗawa, a cikin kogo tana kaɗawa, a ƙarƙashin teku tana kaɗawa. Iskar nan tasa ce shi kaɗai, da za mu samu aronta da bazara da mun gode. Mayaƙa maza an lulluɓe su da ƙarfe daga kai har ƙafa. Mace ɗaya da aka bari ta riƙe makami, ƙarfen da aka ba ta bai kai murfin tukunya ba, kuma cikin ƙanƙara take tafiya. Ba zan ƙara bayani ba, malamai na zaune.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Ku buɗe duk shafin da ake ƙone gari, ku duba da kyau. Dodo an zana masa haƙora ɗaya-ɗaya, har da dattin da ke tsakaninsu. Takalmin jarumi an zana masa kowace ƙusa. Mutanen da ke gudu fa? 'Yan sanduna ne masu buɗaɗɗen baki. Ba hanci, ba ido, ba wanda ya sungumo yaro, ba wanda ya koma neman tsohuwarsa, ba wadda ta fito da tukunya a hannu don ruɗewa. Mai zanen ya ba haƙorin dodo yini guda, ya ba mutanen gari ɗan lokacin shan shayi. Ni kuwa ina da maƙwabciya a bayan bangon nan wadda ta taɓa zama ɗaya daga cikin 'yan sandunan, kuma na duba, tana da fuska.

Alhaji, na ga kana duba agogo. Allah ya ba ka haƙuri. An bar wanda ya gabace ni ya gode wa kujeru da mai rumfa, ni ma a bar ni in ƙarasa.

Abu na uku, mutanen labarin. Torazen, wanda ake so a ɗora muna a bango, hali biyu gare shi: shiru da ihu. In ba ya kallon nesa yana cije baki, to yana kururuwa. Na bi shi littafi bayan littafi ina jiran ranar da zai ce wa wani sannu, ban gani ba. Ya sauka a gari, a ba shi masauki, a ba shi abinci, ya ci bai ce an gode ba, a babi na gaba dodannin da ke bin sawunsa su ƙone garin. Ya tashi ya sauka a wani. Haka, haka. Bai taɓa zama ya ce, anya ba ni ke jawo wa mutane wannan ba? Baƙo irin wannan in ya sauka Magarya, shawarata a ba shi ruwa ya sha a tsaye, a raka shi bakin hanya tun bai cire takalmi ba.

Matan littafin kuwa ba sa daɗewa. Uwarsa ba ta da suna. Na koma baya na bincika ko ni ce na tsallake, babu. An yi babi guda ana nuna muna baƙin cikinsa ranar da ya manta da sunan uwarsa, sunan da shi marubucin bai taɓa damuwa ya raɗa mata ba. Ƙanwarsa ta mutu don ya fusata. Mai maganin da ta ɗinke masa rauni ta mutu don ya ƙara fusata. Mai murfin tukunyar ma ta bi su. Har na gane alamar: duk macen da jarumin nan ya yi wa murmushi, a fara neman likkafani. Itace aka mai da su. In wutar labari ta yi sanyi, sai a tura ɗaya a murhu.

Waɗanda suka tsira fa? Kowane gari da aka ƙone, wasu sun gudu. Ina suka kwana? Wa ya karɓe su? Gonar da suka bari shinkafa ta nuna, wa ya girbe? Littafin bai taɓa waiwayawa ba, yana can yana bin mai lauje. Mu kuwa a ƙasar nan mun san inda suke zuwa. Suna zuwa gidajen 'yan'uwa, da kangaye, da lunguna irin wanda ke bayan wannan ɗaki.

Na faɗa wa Lukman duk wannan a tsakar gida. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Inna, duk na ji. Amma shi aƙalla yana ramawa. Mu mi munka yi?" Wannan maganar ban yi mata dariya ba, kuma kada wanda ya yi. Yaran nan sun girma suna jin an shiga gari kaza, an kwashe shanun wane, an tafi da wance. Sun yi jana'izar abokansu. Sun ga iyayensu maza sun yi shiru. In yaro irin wannan ya buɗe waya ya ga wani ya ɗauki lauje ya tsaya, dole ya ji sanyi a ƙirji. Na gane. Abin da na ce masa shi ne, "Ɗana, faɗa mini gari ɗaya da ya tsira saboda shi." Ya yi ta tunani, can ya ce ana sa rai akwai wani a littafin da bai fito ba tukuna. Na ce Allah ya fito da shi lafiya.

Kada kuma dattawa su yi murna su ɗauka na zo taya su ne. Ban ce a hana littafin ba. A buga shi a takarda, a jera shi a kanta cikin ɗakin nan, kusa da sauran. Duk wanda ya zo cire shi, da ni zai fara. Yara su karanta, su yi gardama, su zo su nuna mini inda na yi kuskure, ƙofata a buɗe take. Wanda ya buɗe littafi shi ya zaɓa, in ya gaji ya rufe abinsa. Bango fa, wa zai rufe wa Habi shi?

Yanzu na zo kan iyayena dattawa, da dukkan girmamawa. Matasa sun nemi bangon gaba, a fili, inda kowa zai gani ya yi magana. Ku ne kuka ce a kai shi baya, can ba kowa. Ina so in san wa ya je ya dubo. An zauna a zauren Alhaji, an sha shayi, an duba hankalin masu zuwa masallaci, an duba hankalin manyan da za su zo daga Sakkwato, an duba har hankalin masu wucewa a mota. Lungun kuwa ba a duba ba, saboda ba hanyar maza ba ce. Famfon unguwa a can yake. Duk macen da ke ɗibar ruwa a gefen nan ta can take bi, safe da yamma, da goyo a baya da yara a gaba. Masu gyaran albasa a can suke zama. Ruwan da aka dafa shayin da aka sha a zaman da aka ce ba kowa, ta lungun nan aka ɗauko shi. Hoton da kuka ga bai dace idon namiji mai alwala ya faɗa a kansa ba, shi ne kuka ga ya dace da idon jariri da uwarsa.

Abin da ya sami Habi a Shinaka ba nawa ba ne in faɗa a lasifika. Abin da zan iya faɗa shi ne wannan. Ta iso garin nan, ta sauka gidan 'yar'uwarta Kaltume, ta shiga ɗaki, ba ta fito ba. Damina ta zo ta wuce tana ciki. Kaltume ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira mu muka yi namu, duk a banza. Sai kuka fara gini. Da bangon baya ya tashi, ya jefa inuwa a lungun da la'asar, inuwa mai sanyi wadda da babu ita. Kaltume ta shimfiɗa tabarma, mata suka kawo albasarsu suna yanke ganye suna hira. Wata rana Habi ta zauna a bakin ƙofa. Wata rana ta matso. Har ta kai ita ke jingina da bangon, wuƙa a hannu, tana yi wa Kaltume tsiya cewa albasar Wurno ba ta kai ta Shinaka yaji ba. Ku matasa, kun yi wannan aikin ba ku sani ba. Abin da muka kasa da baki, bangonku ya yi shi. A wurina wannan ya fi duk littattafan da za a zuba a ciki, kuma malamar adabi ce ke faɗin haka.

Shekaranjiya Sa'adu ya je da gawayi ya fara fitar da siffa. Ba laifinsa ba ne, aiki aka ba shi. Matan suka matsa masa. Habi ta ce, "Malam Sa'adu, mi za a sa muna nan?" Ya ce, "Hoto ne, Inna, na wani jarumi." Ta ce, "Mu gani." Ya miƙa mata waya. Ga waɗanda ba su gani ba, ga hoton: Torazen a tsaye, lauje a kafaɗa, ya riƙe kan wani ta gashi, a bayansa gari na ci da wuta, 'yan sandunan nan na gudu. Kaltume ta ce Habi ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Shi wanga, shi yas sa wutar?" Sa'adu ya ce, "A'a, Inna, shi ne na kirkin. Garinsu ne." Ta ce, "Garinsu na? To don mi yab ba shi baya?" Ni da na karanta littafin duka ina da amsar, amma ba ta faɗuwa a gaban Habi: hoton ya fi kyau a haka, wutar tana haska masa alkyabba.

Habi ta miƙa wa Sa'adu wayarsa, ta ɗauki wuƙarta ta shiga ciki. Jiya na je na ce mata zan yi magana a taro. Ta ce, "A'a, Malama, kada ki ɓata da mutane saboda ni." Na ce, "Habi, ɓatawa da mutane ai ita ce sana'ata, koyarwa a gefe nike yin ta." Ta ɗan yi murmushi, ta ce, "To ki hwaɗi, amma ban da na Shinaka. Kuma ki ce ni ban kai ƙara ba. Bangonsu na, su sunka gina abinsu, mu baƙi muke. In sun zana, ni sai in zamna ciki. Ai na saba."

Ai na saba. Ku ji wannan da kyau, domin ba za ta zo nan ta maimaita ba. Ba za ta je wurin mai unguwa ba, ba za ta yi wa kowa gori ba. Da an ɗaga hannu an tashi lafiya, Sa'adu ya shafa fentinsa, matasa su ɗauki hoto, dattawa su yabi hikimarsu, wuri ɗaya ya ragu a kan tabarma, babu wanda zai taɓa sanin an yi wani abu.

Ba ni da ikon hana ku. Masu gayya ke da bakin magana, ni kuwa ban ɗauki tubali ko ɗaya ba. Roƙona ɗaya ne ga shugaba da jama'a. Kada a ɗaga hannu a nan ƙarƙashin rumfa, inda bangon ba ya ganuwa. A tashi a zagaya. Tafiyar ba ta da nisa, ko masu sanda za su iya. Kada a kira Habi, kada a tambaye ta komai, kada wanda ya ɗaga waya ya ɗauki ƙofarta. Kowa ya yi sallama, ya tsaya inda ake shimfiɗa tabarmar, ya ɗaga kai ya kalli gawayin Sa'adu daga nan, a kusancin da za ta riƙa ganinsa kullum. Sannan shugaba ya tambaya. Duk wanda hannunsa ya iya tashi a wurin, ya ɗaga. In kun yi rinjaye, ni Mahbuba zan riƙe wa Sa'adu tsani. Lukman, kai ne shugabansu, kai za ka tsaya a gaba, kusa da labulen ƙofar Habi.

Allah ya sa albarka a wannan ɗaki da abin da za a karanta a cikinsa. Allah ya saka wa hannuwan da suka gina shi, ya ba su abin yi, ya sanyaya musu zuciya da abin da ya fi ramuwa. Allah ya ji ƙan waɗanda muka rasa a Shinaka da sauran garuruwanmu, ya mai da waɗanda suka baro gidajensu gida cikin aminci, ya kawo muna ƙarshen wannan masifa. Allah ya mai da baƙinmu Rabah da Goronyo lafiya. Allah ya ƙara wa dattawanmu tsawon rai da ƙarfin ƙafa.

Alhaji, bismillah, kai ne gaba. In an fita ta nan sai a bi hannun hagu, a wuce famfo. Mata sun san hanya, in an ɓace a tambaye su.

Na gode.